Dattijo Mai Ɗaure Lafiyayyar Gwiwa

Kullum da sassafe, a filin motsa jiki na bayan unguwarmu, akwai wani dattijo da nake zuba wa ido. Gajere ne, da tumbi kamar ya haɗiye tulu, da jan wandon wasanni wanda na tabbata na ɗansa ne, don sai ya naɗe ƙafar sau uku. Yadda yake rataye tawul a wuya kamar tef ɗin awo ya sa na yanke cewa tela ne, kuma keken ɗinki ne ya ci masa gwiwa.

Ba ya fara gudu sai ya yi miƙa, ya lanƙwasa nan, ya girgiza can, yana nishi kamar mai tura mota. Sannan ya zauna ya naɗe gwiwar dama da bandeji tsaf. Abin dariyar shi ne, da ta hagu yake ɗingishi.

Yau dai na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ai ba ita ce mai ciwon ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, ta hagun ta daɗe da yin ritaya. Wannan ce ke riƙe da gidan, ita ake lallaɓawa. Jikata ta fara gudu, dole in iya kamo ta."

Ya miƙe ya kama sassarfa, samari na wuce shi fuu, ko a jikinsa.

Ni kuwa da gwiwoyina biyu garau, ga ni zaune a kan benci.