Man da Aka Tace a Daji

Abubuwa da yawa sun same ni a harkar noman rani na shanye na manta, amma ranin da ya biyo bayan cire tallafin mai ba zai taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin a shekarar ne wani dattijo ya cuce ni da rana tsaka, ni kuma na durƙusa na yi masa godiya.

Ina da 'yar gona a fadamar da ke wajen Roni, kafaɗa da kafaɗa da ta yayana. Ni tumatir na dasa, shi albasa. Injin ban ruwa ɗaya gare mu, wanda mahaifinmu ya bari, muna karɓa-karɓa da shi. Tumatirina ya fara fure ke nan, lokacin da ba ya son wasa, don in ya yi 'yan kwanaki babu ruwa furen zubewa zai yi, wahalar wata biyu ta tashi a banza.

Fetur kuwa ya gagari talaka. Gidajen man Kazaure wasu a kulle, wanda ke buɗe layi har ya karya kwana, in ka je da jarka kuma a ce ba a zuba wa jarka. Ana cikin haka wani maƙwabcin gona ya kwatanta mini wani Alhaji a hanyar Gwiwa mai ajiye mai a durom a bayan gidansa, ya ce nasa da sauƙi sosai. Washegari da safe na ɗaura jarka biyu a babur na nufi can.

Na tarar da mutum kamili a kan tabarma, sa'an mahaifina. Da na tambayi dalilin wannan araha, sai ya gyara zama ya yi mini karatu. Ya ce ɗanyen mai ai namu ne, Allah ne ya ba mu a ƙarƙashin ƙasa, abin da ke sa fetur tsada kuɗin tacewa ne. A ɗauki ɗanyen a jirgin ruwa a kai ƙasar waje, a biya masu tacewa da dala, a sake biyan jirgi ya dawo da shi, duk a ɗora wa mai babur da mai gona.

"Wannan kuwa, ɗana, a nan gida aka tace shi, a daji can kudu," in ji shi. "Babu jirgi, babu dala. Shi ne sauƙin da ka gani."

Wallahi maganar ta shige ni, don abin da muke ta ƙorafi a kai ke nan a majalisa kullum. Duk da haka na nemi in gwada. Mu manoma muna da hanyarmu: ka tsiyaya a tafin hannu ka hura, in ya bushe nan take ya bar sanyi to mai kyau ne, in ya bar maiƙo akwai haɗi. Ya miƙo mini wata kwalba da ke gefen tabarmarsa, na gwada, ya bushe tas. Zuciyata ta ce in gwada na durom ɗin, tunda daga can za a zuba mini. Amma yaya zan ce wa sa'an ubana haka, kamar na kira shi maƙaryaci a ƙofar gidansa? Kunya ta rufe mini baki, na bari aka cika jarkokin.

Ranar farko injin ya riƙa tari yana fitar da baƙin hayaƙi mai warin ƙonanniyar taya, na ce ƙila tsufa ne. Rana ta biyu, ranar yayana, ruwa bai kai rabin albasarsa ba injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Muka ja igiya har kafaɗa ta sage, ko motsi.

Bakaniken da na kai wa a Kazaure yana buɗewa ya dube ni ya girgiza kai. Ciki duk ya daskare da wani baƙin danƙo, fistin, ƙarfen da ke kai-komo a cikin injin, ya cije. Ya tsiyaye ragowar man a farar kwalba ya ajiye, kafin mu gama magana ya rabu gida biyu, ƙasan kamar ruwan kwata. Ya ce ɗanyen mai tarkace ne a haɗe, fetur da kananzir da gas da kwalta, kuma raba su tsaf shi ne aikin da ke cin kuɗi a matatar mai. Na daji dafawa kawai suke yi a durom su kwashi abin da ya taso.

"Malam, kuɗin tacewar da ka guje wa ai injinka ne ya biya," in ji shi.

Kayan gyara sai daga Kano, kwana biyar. Injin maƙwabta kuwa ba ya aruwa, kowa na fama da tasa gonar. Ni da yayana muka koma bokiti, daga rijiya zuwa kunyoyin shuka tun asuba har rana ta take, amma ina bokiti ina gona guda. Ina ji ina gani furen tumatirina ya riƙa zubewa, albasar yayana ta tsaya ba ta ƙara girma ba.

Na ɗauki kwalbar bakaniken na koma wurin Alhaji, raina a ɓace, na dire masa a gaba. Ko gezau bai yi ba. Ya dube ta, ya dube ni.

"Ɗana, na ɓoye maka wani abu? Ai da bakina na ce maka a daji aka tace shi."

Wannan magana ta fi asarar ƙona mini rai. Wato har gaskiya ya maida tarko, ya ɗauki kukan da talaka ke yi kan tsadar mai ya yi mini ƙugiya da shi. Ƙasarmu da ɗanyen mai, amma manomi na yawo da jarka bayan gidajen mutane, macuta na jiransa a kan tabarma. Na taso ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Da na ba yayana labarin kwalba da durom, sai ya ce, "Ƙanena, ka ji kunyar baƙo, ka bar iyalinmu su ji yunwa."

Abin da na koya shi ne, aikin da aka tsallake ba ya ɓacewa, wani ne zai biya, kuma galibi mai ƙaramin ƙarfi ne. Girmama babba wajibi ne, amma ba ya hana ka duba abin da za ka zuba a cikin abincin 'ya'yanka.