Da Sauƙi, In Ji Inna

Ranar wata Laraba ce, a daminar da rumbunmu na garin Dogo ya ƙare tun gero bai fid da kai ba, Inna ta goya ƙanena Sani, ta lulluɓe shi da mayafi, muka hau motar kasuwa zuwa Zinder. Shekarata goma sha ɗaya, ni kaɗai ce 'yar lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, don haka aka ɗauke mini surfe da ɗiban ruwa na ranar domin in yi wa Inna tafinta. Har wani taƙama nake yi a mota, don wauta.

Rumfar likita ta cika maƙil da mata, kowace da ɗanta a rame. Wata baturiya 'yar Sifen ce ke zaɓen waɗanda za a fara dubawa, da ɗan guntun Faransancinta. Ta tambayi jikin yaron da ke bayan Inna. Kwana uku yana zawo, ko kuka ya daina, Inna kuma ko runtsawa ba ta yi ba. Amma mu a wajenmu ba a kai ƙarar ciwo, ko mutum yana gargara amsar ɗaya ce. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuwa na juya maganar zuwa Faransanci tsaf, yadda aka koya mana a aji. Baturiya ta yi murmushi ta nuna mana ƙarshen layi.

Layi bai zo kanmu ba sai bayan la'asar. Inna ta kwance goyo, ta taɓa ƙirjin Sani, ta ja mayafin ta rufe masa fuska. Ba ta yi kuka ba. Baturiyar ta dubi Inna, ta faɗi wata kalma da harshensu, ta maimaita, ta nemi ta Faransanci ta rasa, sai ta juyo wajena.

Yau Ingilishi nake koyarwa a unguwar Kara-Kara. Kalmar nan ba ta bar kunnena ba, har na nemo ta a ƙamus, na tarar an jera mata fassarori na Ingilishi, masu nufin ƙunci da fargaba da tsinkewar zuciya. Duk na haddace su, ba su tsinana mini komai ba. Har Inna ta rasu ba ta taɓa ɗora mini laifi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Yanzu in na raka maƙwabciya wajen likita ta fara "da sauƙi", ba na bari ta ƙarasa. Sai in ce, "Malam, kawaici take yi. Kwance goyon ka gani."