Kujerar Bature da Buhun Dawa

Cikina na fari yana wata takwas maigidana ya shigo da kujerun nan guda biyu. A Funtuwa muke zaune lokacin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, wasu Turawan injin auduga suna tattara kayansu za su koma gida. Shi kuwa yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko hatsi da ita daga ƙauyukan Malumfashi. Kujerar gabanta doguwa ce kamar benci, ta mutu tun tuni, wayoyin ciki sun fito suna yaga wa mutane riga. A motar nan za a kai ni Kafur, gidanmu, goyon ciki. Ya ce ba zai ɗora ni a kan waya ba.

Daga wata ƙaramar motar Bature da ta lalace aka ciro su. Ban taɓa ganin irinsu ba. Kowace tana da zurfi kamar akushi, gefe da gefe sun taso, in ka zauna sai ta rungume maka ƙugu. Kowace kuma ta zo da ɗamara mai faɗin yatsa uku, da kan ƙarfe da ake maƙalawa. Wanda ya sayar masa ya ce in an taka birki da ƙarfi, ɗamarar ce ke hana mutum dukan gilashi.

Ƙanin mijina kafinta ne, irin masu yi wa manyan motoci bodin katako. Shi aka kira ya kafa su. Ya zo da katakon maɗaci mai kauri, ya shimfiɗa a ƙasan motar, ya tokare shi gefe da gefe har ya zauna daram. Ya ɗora kujerun, ya bi su da ƙusa. Bakin ɗamarar nan akwai 'yan kunnuwan ƙarfe masu huda, su ma ya buga musu dogayen ƙusoshi a jikin katakon, ya lanƙwashe kawunan. Aiki ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Har man gyaɗa ya shafa wa katakon.

Ina zaure ina kallo, ya ɗaga murya.

"Matata, fito ki ga gadon sarautarki. Yaya ya mai da ke matar Joji."

Na fito, na leƙa, na girgiza kujerar. Ko motsi. Na ja ɗamarar, tana nan. Sai na durƙusa da ƙyar na duba ƙasa.

Na ce, "Kai kafinta, ɗamara tana jikin katako, na gani. Katakon fa, yana jikin me?"

"Yana zaune."

"Ni ma ina zaune, amma in aka ture ni faɗuwa zan yi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, zo ka ji. Wadda ko keke ba ta taɓa hawa ba za ta koya mini aiki."

Na ce, "Keke kam ban hau ba, amma tun ina 'yar shekara bakwai nake ɗaure akuya. In ba a buga turke cikin ƙasa ba, akuya da igiya da turken duk tare suke tafiya gonar mutane."

Maigida ya dai yi murmushi. Ba ya son ya kunyata ƙaninsa a gabana, ni kuma ba a yi mini tarbiyyar ja-in-ja da miji a ƙofar gida ba. Amma a raina na riga na gama: ba ni ba kujerar nan, da abin da ke cikina. Hanyar Malumfashi a lokacin jar ƙasa ce, ga gargada, ga shanu da jakai suna faɗo wa mota ba sallama.

Da surukata ta ji gardamar, sai ta ce in shiga baya in zauna a tabarma kamar kowace mace, ai dama zaman gaba kusa da miji rashin kunya ne. Na ce to, Inna. Amma baya ma na sani, na taɓa ganin yadda buhuna ke tsalle a can.

Washegari ranar tafiya, aka fito da buhun dawar da zan kai wa mahaifiyata. Na ce wa ƙanin mijina, cikin wasa, yadda kowa zai ji:

"Mijina, tunda kana alfahari da aikinka, ɗora buhun nan a kujerar, ka ɗaure shi da ɗamarar. Nauyinmu ɗaya da shi yanzu. In ya je bakin rijiya ya dawo lafiya, zan shiga, kuma tuwonka da man shanu har in dawo daga wanka."

"Ke kin tafi, wa zai tuƙa tuwon?"

"Kai dai ɗora."

Ya ɗora, ya ɗaure, har yana yi wa buhun kirari wai amarya. Maigida ya shiga ya ta da mota. Daga ƙofar gidanmu zuwa rijiyar unguwa fili ne miƙaƙƙe. Ya ɗan ba ta wuta, ba ma sosai ba, ya taka birki.

Daga inda nake na ji ƙarar. Katakon ya zame gaba gaba ɗayansa, da kujeru biyun a kai. Kujerar buhun ta kife, ƙusoshin ɗamarar suka zare, buhun ya daki ƙarfen gaba ya fashe. Maigida kansa sitiyari ne ya tare shi a ƙirji, ya yi kwana uku yana jin ciwon in ya yi tari.

Ya fito a hankali. Dawa tana zuba ta ƙofar mota, kajin unguwa sun taru. Ya dubi buhun da ya tsage daidai tsakiya, ya dubi cikina, ya kau da kai. Ƙanin nasa ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban yi masa tsiya ba, tsintsiya da faifai kawai na miƙa masa.

Ba mu yi tafiya ranar ba. Aka kai motar wajen wani mai walda kusa da tashar jirgi. Ya cire katakon, ya huda ƙarfen ƙasan motar, ya sa wani faffaɗan ƙarfe ta ƙarƙashi, ya ɗaure kujerun da notuna. Ɗamarar kuma ya yi mata nata ramukan daban a jikin motar, ya ce ko kujera ta tsinke, ita ta riƙe mutum. Kwana biyu aka yi. Da aka dawo da ita na sa aka sake gwadawa da wani buhun, sau biyu, buhun bai gusa ba.

A gaba na zauna, na ja mayafi na rufe fuska har muka fita gari. Ɗamarar a ƙarƙashin cikin na ɗaura ta, kan ƙashin ƙugu, don ba zan yarda ta danne mini ɗa ba. Ba abin da ya same mu a hanya. Muka isa Kafur da la'asar, bayan kwana goma sha tara na haifi 'ya mace.