Yadda Gwaggo Ta Ji Kunkurun Baba

Ƙarar makulli ce ta jawo tafiyar nan. Ina ƙofar ɗakin surukina da kofin kunu a hannu, sai na ji ƙwal-ƙwal a cikin tasar da yake ajiye carbi. Na yi sallama na shiga, na tarar da Baba, haka duk gidan muke kiransa, yana juya makullin tsohuwar motarsa. Kunun jiya yana nan bai taɓa ba.

Na san abin da ke cinsa. Da ƙaramar salla ƙanin maigidana ya kai shi gaida Gwaggo, yayar Baban, a wani ƙauye gefen Baturiya, cikin sabuwar mota wadda ba a ko jin motsinta. Gwaggo idonta ya tafi, tsufa kuma ya fara ɗauke mata tunani. Baba ya gaishe ta, ta amsa masa kamar baƙo. Da aka ce mata ai ƙaninta ne, sai ta ce a daina yi mata wasa, ƙaninta in zai zo tun daga nesa take jin motarsa. Tun ranar Baba ya rage ci. Ga shi kuma an aiko cewa jikin nata ya yi nauyi.

Motar Bitil ce, wadda ake kira kunkuru, ta daɗe a gindin darbejiya har kajina sun mayar da ita ɗakin ƙwai. Ni na roƙi maigida ya nemo bakanike. Wani dattijo ya zo, ya shafa ta kamar ya ga tsohon aboki, ya kwana biyu yana kwance-kwance, ranar Alhamis da yamma ta yi tari, ta kama.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, bayan an idar da salla. Maigida ke tuƙi, Baba a gefensa, ni da 'yar autata a baya. Ƙofa biyu ce da motar, sai an kwantar da kujerar gaba mutum ya sunkuya ya shige, kuma duk mai jiki irina ya san wannan jarrabawa ce. Injin yana bayanmu, tut-tut-tut, yana gasa mana baya. Na karanta addu'ar shiga mota, na ƙara da wasu saboda tsaro.

Muka bar Haɗeja muka ɗauki hanyar Kirikasamma. Ƙarshen damina ne, fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar dama da hagu, balbelu a bayan shanu, masunta na shanya koma. Babura suna wuce mu, har wani mai ɗauke da buhu biyu ya waiwayo ya ɗaga mana hannu. Amma kallo fa mun sha shi. Samari na ɗaga waya suna ɗaukar hoto, tsofaffi kuma sai su tsaya cak su bi mu da ido.

A wata mararraba muka tsaya sayen ƙosai da soyayyen kifi. Kifin ya yi tsada, ga shi a bakin ruwa, amma mai suyar ta yi mini gyara saboda ta ce a irin motar nan aka kai ta ɗakin miji. Wani matashi ya zo da jarka zai ƙara mana ruwa a lagireto. Maigida ya buɗe masa gaban motar. Ya leƙa, ya ga turmin atamfa da goro da sabulun tsaraba, ya ja da baya ya ce, "Alhaji, to ina injin?" Nan Baba ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun azumi.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce motar ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta, mai ma kaɗan take lasa. Asalinta daga Jamus, daga baya aka riƙa haɗa ta a Legas, malaman makaranta da na asibiti irinsa suka samu abin hawa. Da ita ya zaga ƙauyukan nan yana allura, da ita ya ɗauko mata masu naƙuda. Ya ce nauyinta a baya yake, shi ya sa yashi ba ya riƙe ta. Da muka sauka daga kwalta muka ga gaskiyarsa, don mun wuce wata doguwar mota ta kafe a taɓo ana turawa.

Sai dai muna dab da ƙauyen muka tarar ruwa ya cinye hanya. Ga rufin gidajen can a tsallake, tsakaninmu ruwa da ciyawar kachalla, sai kwale-kwale. Na ga fuskar Baba ta sauya.  Zuciyata ta karye, na ce yanzu duk wahalar nan motar ba za ta kai ƙofar Gwaggo ba?

Mai fiton, wanda shi ma furfura ta cika masa gemu, ya zo ya leƙa ta taga. Ya gane Baba. Ya ce, "Malam, ka manta ne? Da can ma in ruwa ya kawo ai nan kake barin ta. Ka ba ta wuta, mu ji daga gida mu turo jirgi. Ruwa yana kai ƙara."

Haka aka yi. Muka bar maigida a bakin ruwa da motar a kunne, mu muka shiga kwale-kwale. Muna tsakiyar ruwa ina jin tut-tut-tut yana bin mu, ina ta salati a zuci.

Mun sami Gwaggo kwance a rumfa, jikokinta kewaye da ita. Kafin mu yi sallama na ga ta ɗaga kai, ta karkata kunne wajen ruwa. Ta daɗe a haka. Can ta ce da 'yarta, "Ke, shimfiɗa tabarma, a dama fura. Auta ya iso."

Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga ni." Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya rame, wa ke ba shi abinci? Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a hijabina. Suka wuni suna hirar mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya, ya shanye furar tas.

Bayan la'asar muka juyo, muka shigo Haɗeja ana kiran magariba. Baba da kansa ya tambaya ko akwai sauran tuwo. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, zumunci ba zuwa kawai ba ne, sai ka je wa tsoho ta hanyar da ya san ka. Allah Ya ba Gwaggo sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.

Ina cire wa 'yar autata takalmi, barci a idonta, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Umma, in kin tsufa kin manta ni, da wace ƙara zan zo ki gane ni?"