Atilin da Ba Ya Haihuwa

A ƙauyenmu, kan hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa, itatuwan atili ba sa tsayawa wuri ɗaya. Biyu suna kurmin bakin rafi, ɗaya a ƙetaren layin dogo, uku can gindin dutse inda kakanninmu suka fara zama. Tsakaninsu gonaki ne kawai. A tsakiyar gonar babana kuma akwai wani ƙato shi kaɗai, wanda bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Fure zai yi, ƙudan zuma su rufe shi, shi ke nan.

Shekarar da citta ta yi daraja, ina 'yar shekara tara, Baba ya ce gobe zai sare shi, inuwarsa tana kashe masa shuka.

Da yamma, bayan tuwon acca, muka taru a bakin murhun Kaka, uwar Baba. Tana ɗumama ruwan jiƙa atili, tana gwada zafinsa da yatsa, don in ruwan ya wuce kima sai atilin ya ƙanƙare kamar tsakuwa. Baba yana gefe yana wasa gatari.

"Ku matso, masu kunnuwa," in ji Kaka. "Marasa kunnuwa su ci gaba da aikinsu."

Ta ce a da duk ƙasar nan kurmi ɗaya ne, atili mata shida suna zaune da yayansu namiji. Shi ba ya haihuwa, amma shi ke riƙe da wani gari mai ruwan ɗorawa, wanda in babu shi babu wadda za ta samu ɗa. Da mutane suka zo da wuta da fartanya, kurmi ya tsage gida-gida, kowace ta tsaya inda aka bar ta. Yayan ya ce, "Ni a tsakiya zan tsaya, kowa ta same ni." Ya ɗauki ƙudan zuma aiki, suna ɗaure garin a ƙafa suna kai wa kowace ƙanwa. Ana haka sai wani manomi ya ce wannan ragon itace ne, ya sare shi. Da lokaci ya yi ƙannen suka yi ado da fure, suka jira, suka jira. Ba wanda ya zo.

Na ce, "Kaka, yaya sunan manomin?"

"Ke mai baki kamar rediyo, na manta. Amma yana da sanƙo."

Muka fashe da dariya. Baba ya shafa kansa.

"Mama, da ni kike?"

"Da yara nake, Ayuba. Kai yaro ne?"

"To a wane littafi aka rubuta itace yana da yaya?"

"A littafin da aka rubuta cewa ni na haife ka. Miƙo hannu ka ci atili, wataƙila na ƙarshe ke nan."

Da safe Baba ya saɓa gatari ya fita, ni ina binsa daga nesa. Ya zagaya itacen sau biyu, ya ɗaga kai, ya yi tsaki, ya rage rassa biyu da suka sauko kan citta. Da ya dawo ya ce gatarin ne ba kaifi. Kaka ta ce ai ta lura.

A ƙauyen da ke bayan dutse babu mai ba su irin wannan tatsuniya. Sun sare nasu marasa haihuwa, suka bar masu 'ya'ya. Ba a daɗe ba itatuwansu suka daina haihuwa, matan ƙauyen suka fara zuwa mana da ƙwarya neman atili.

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin manya a majami'a. Wata rana malamin gona ya zo, ya zana a allo cewa atili akwai namiji akwai mace, kuma in babu namiji a kusa, macen sai fure kawai, babu ɗa. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, wannan darasin mun yi shi, da atili a baki."

Abin da na gane ke nan da girma: mu mutane muna duba ƙasan itace mu ga me ya zubo mana, daga nan mu yanke masa hukunci. Shi ya sa in na ji an ce wance ba ta haihu ba, wane ba ya kawo komai gida, ba na yin shiru. Nakan ce, "Je ka ƙirgo waɗanda suke tsaye saboda shi, sannan ka dawo mu yi maganar gatari."