Mai Tsoma Hannu a Teku

Shekara arba'in Mash Safar ya yi yana kamun kifi a gaɓar tekun yankin Gilan, kuma tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: me ya sa teku ke tururi kamar tukunyar shinkafa a ranar da sanyi ya fi tsanani? Ya tambayi liman, ya tambayi malamin makaranta, babu amsar da ta gamsar da shi. Abin da ya gano da kansa shi ne, in ya tsoma hannu ya ji ruwan da ɗumi, iskar arewa kuma tana yankar kunne, to gobe dusar ƙanƙara ce har ƙugu.

Tsufa ya raba shi da jirgi, amma bai raba shi da tsoma hannu ba. Wata safiya yana dawowa daga gaɓa, Nauruz mai shayi ya tare shi.

"Mash Safar, yau ma an je gaida teku? Ya amsa kuwa?"

"Ya amsa. Ya ce raggo ya nemo shebur ɗinsa."

Washegari kuwa dusar ƙanƙara ta sauko, jiƙaƙƙiya, mai nauyin tsiya, irin wadda ke karya reshe ta rusa rufi. A garin nan kowa rufinsa yake fara kwashewa, sannan ya kaɗe itatuwa. Shi kuwa tsoho ƙarfin aiki ɗaya ya rage masa. Ya dubi rufin ɗakin girki, ya dubi bishiyar lemon da matarsa Mahlaƙa ta dasa a shekarar da ta rasu. Rassanta sun sunkuya har ƙasa, abin tausayi.

Ya ɗauko gora, ya naɗe bakinta da tsumma don kada ya ƙuje ɓawo, ya shiga kaɗewa reshe bayan reshe. Yana gama zagaye, wata dusar ta sake taruwa, ya koma farko. Wajen la'asar ya ji rugum a bayansa. Ko waiwayawa bai yi ba.

Nauruz ya shigo a guje da shebur, ya tarar da ɗakin girki a ƙasa.

"Haba Mash Safar! Kai da ka riga kowa sanin za ta zo?"

"Na sani," in ji tsohon, yana haki, gora a hannu. "Rufin nan ni na yi shi, in bazara ta zo na sake wani. Wannan fa, wa zai sake dasa mini ita?"