Kazar da Sulle Ya Yanka wa Masu Rajista

Malam Sulle na Kafin Dafga ya shekara hamsin da uku a duniya, kuma ba a taɓa tuhumarsa da arziki ba sai bara.

Abin da ya mallaka ba ɓoyayye ba ne. Gonar gado ta dawa da gyaɗa, mata ɗaya, Turai, da 'ya'ya bakwai. Ɗaki biyu na kwano da ya rufa shekarar da gyaɗa ta yi kyau, waɗanda yanzu in ana ruwa sai an jera robobi a ƙasa. Sai kuma farin sa guda na huɗa, wanda yake haɗawa da na maƙwabcinsa su yi aiki bi da bi.

Gonar ta gaji, ba ta ba da komai sai an zuba mata takin zamani, takin kuwa ya fi ƙarfinsa. Kafin damina Sulle ya san ɗayan biyu ne: ko taki ya fito daga wani wuri, ko ya sayar da san.

Ana cikin haka mai unguwa ya yi shela cewa wani shirin tallafi zai ba mabuƙata buhu biyu na taki, kuma ranar Talata ma'aikata za su bi gida gida su rubuta suna. Sauran mutane suka fahimci abin da ake nufi, kowa ya kora awakinsa bayan gari. Shi kuwa Sulle abu ɗaya ya riƙe: baƙi za su zo gidansa.

Aka share tsakar gida. Turai ta aro kujerun roba huɗu da faranti na tangaran. Sulle ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya yanka kaza ɗaya daga cikin biyun da suka rage.

Wata ma'aikaciya mai suna Bahijja ta iso riƙe da babbar waya. Ta ci kaza, ta yaba, sannan ta fara tambaya.

"Baba, sau nawa kuke cin abinci a rana?"

"Alhamdu lillahi, sai godiya."

"Wato sau uku?"

"Ai Allah ba ya barin bawansa, 'yata."

Ta danna uku. Ta ɗaga kai ta ga kwano, ta danna. Ta ƙirga kujeru, ta danna. San ma ya yi kuka daga turkensa, don kada a manta da shi.

Da suna ya fito, babu Sulle. Ya hau mota zuwa ofishin shirin a Karaye, inda wani saurayi ya juyo masa fuskar kwamfuta ya yi masa bayani cikin ladabi: shi ba matalauci ba ne, matsakaici ne. Sulle ya tambayi abin da ake ba matsakaita. Saurayin ya ce a halin yanzu ana ba su haƙuri, amma za a sake zagayowa don masu ƙorafi.

Labari ya kai wa Jibo, ƙanen Turai, ɗan acaɓa a Rogo. Da ya iso gidan Sulle, ko injin babur bai kashe ba ya fara faɗa.

"Yaya, wallahi ban taɓa ganin irinka ba! An zo auna talaucinka ka yi walima? Me ya hana ka kira makaɗa?"

"Baƙi ne fa, Jibo. In bar su a tsaye?"

"A rana ma! Ke kuma Yaya Turai, har da tangaran?"

"To in ba su a murfin tukunya?" in ji Turai. "Ka ji min yaro."

Jibo ya tsara komai. Ranar zagaye na biyu aka kai san gidan maƙwabci. Aka sa Sulle ya saka rigar gona. Aka koya masa amsa har sau uku: sau ɗaya muke ci, wani lokaci ma babu. Wannan kuwa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, domin a watan Agusta hakan take faruwa.

Sai dai wannan karon a ƙofar gidan mai unguwa aka yi zaman, wai don a yi komai a fili. Gari ya taru. A sahun gaba akwai mahaifin yaron da ke neman auren 'yar Sulle ta biyu, yana jan carbi, kunnuwansa a buɗe.

Ma'aikacin da aka turo wannan karon ya ɗaga murya saboda hayaniya. "Malam Sulle, a shekarar nan akwai ranar da iyalinka suka kwana ba su ci ba?"

Sulle ya dubi Jibo. Jibo ya gyaɗa masa kai har hularsa ta kusa faɗuwa. Ya dubi surukin. Ya gyara wuyan rigar gonar.

"Subhanallahi. A gidana? Allah ya kiyaye."

Jibo ya tashi ya hau babur ɗinsa, ko sallama bai yi ba.

Mako biyu bayan haka, da hadari ya fara haɗuwa, Sulle ya ja farin san da ƙafa zuwa kasuwar Rogo. Ya dawo da buhunan taki a bayan babur ɗin Jibo.

Wanda ya sayi san shi ne Muntaka, ɗan garinsu, mutumin da rajista ta tabbatar ba shi da ko akuya. Yanzu in lokacin huɗa ya yi, wurinsa Sulle yake zuwa ya ɗauki hayar san. Dabbar tana gane shi, tana kuma bin kunyoyin gonar ba sai an nuna mata ba.

An ce bana ma masu rajista za su dawo. Turai ta riga ta gaya masa cewa kazar da ta rage tata ce.